Tagar Inna

Tagar ɗakin Inna a gidanmu na Gyadi-Gyadi ta katako ce, kuma ƙasa-ƙasa take. Mutum yana zaune a kan tabarma zai iya miƙa hannu waje. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ita, a nan take wuni da farantinta: daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, ɗan gishiri. Masu adaidaita su tsaya, matan layi su tsaya, leburori su sayi ƙuli-ƙuli su sha gari.

Da damina ta yi nisa, ƙanwata ta kira ni ta ce tagar za ta faɗo wa Inna a ka. Ni direba ne, ina zaune a Darmanawa, Lahadi kaɗai nake da ita. Na zo a gajiye, raina a ɓace, na danna katakon ƙasa da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin burodi. Ruwan indararo ne yake fantsamowa ya jiƙa shi, gara ta ƙarasa sauran.

Ban kira kafinta ba. Na ari zarto, na yanke ruɓaɓɓen, na shafe mai kyan da baƙin mai saboda gara. Sai na yi tunanin da a lokacin na ɗauka dabara ce: in na mayar da katako a wurin, baɗi ma ruɓewa zai yi, ni kuma za a sake kira. Na sayo bulo da siminti na toshe rabin tagar daga ƙasa, na ɗage ta sama inda ruwa ba ya kaiwa. Na buga raga saboda sauro, na sa rodi saboda ɓarayi.

Inna tana tsakar gida tana kallona. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta ce mini ga abin da take so. Da na gama na ce, "Inna, kin huta. Wannan sai jikokinki."

Ta dubi bango, ba ni ba, ta ce, "Allah ya yi albarka."

Na tafi ina jin na yi abin kirki.

Sai bayan Babbar Sallah ƙanwata ta tare ni a zaure. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Yaya, kai da ka gina wa Inna kurkuku, ka taɓa shiga ka zauna a inda take zama?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Shiga ka zauna. Ba a tsaye ba, a zaune."

Na shiga na zauna a kan tabarmar. Siminti ne a gabana. In na ɗaga kai, sai wayar lantarki da ɗan sama. Ina jin takun mutane da ƙarar adaidaita, ban ga kowa ba. Farantin yana ƙarƙashin gado a kife. Ƙanwata ta ce da fari masu saye suna ƙwanƙwasa ragar, Inna ta dafa bango ta miƙe, kuma ko ta miƙe babu ta inda za ta miƙa kaya. Da suka gaji suka koma kantin bakin titi.

Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce da ƙanwata, "Gaya masa aikinsa ya yi kyau. Ruwa bai ƙara shigowa ba."

Gwamma a ce zagina ta yi.

Lahadin da ta biyo na zo da guduma na fasa bulon da hannuna. Wannan karon na kawo kafinta daga Unguwa Uku, ya sa katakon maɗaci a ƙasa, ya yi murfi mai buɗewa, muka karkatar da indararon, abin da ya kamata in yi tun farko. Inna ta dawo wurinta, hannunta a kan cinya, babu faranti. Ta ce ta bar sana'ar, ƙarfinta ya tafi.

Ina kwashe ɓaraguzai wata tsohuwar maƙwabciya ta zo wucewa, ta ja birki.

"La ilaha! Hajiya, ashe kina nan? Wallahi mun ɗauka an kai ki gidan ɗanki!"

Inna ta yi dariya ta ce, "Ina nan daram. Gyara aka yi mini."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da loda baro.