Ranar da Ku-Duba Ya Duba

Shekara ashirin da huɗu ya yi yana riƙe da makirufo a jirgin ƙasan da ke bin kwarin kogi da masu yawon buɗe ido. Da yake duk sanarwarsa da "Ku duba" take farawa, sai sunan ya bi shi, har surukarsa Ku-Duba take ce masa idan bakinta ya suɓuce.

Ɗakin aikinsa wani ɗan akurki ne a ƙarshen tarago na biyu: kujera, agogo, butar shayi, da taga ɗaya mai kallon dutse. Jirgin ba ya juyawa, kansa kawai ake cirewa a mayar ɗaya ƙarshen, saboda haka tafiya dutse, dawowa dutse. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don Ku-Duba ko ruwan baho ya gani yana motsi sai jiri ya ɗebe shi. Kogin nan da yake ci da iyalinsa a kansa, bai taɓa yarda sun haɗa ido ba.

Agogo ne jagoransa, sai wata takarda da wanda ya gada ya bar masa. Minti goma sha biyu da tashi: "Ku duba, ga ƙatuwar bishiya a tsakiyar ruwa, balbelu sun rufe ta." Bishiyar ta faɗi tun shekararsa ta uku a aiki. Minti arba'in: "Ku duba, ga masunci a kwalekwale yana jefa taru." Bawan Allah, shekara ashirin da huɗu yana jefa tarun nan bai gaji ba. Direba ya sani, mai duba tikiti ya sani, amma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don fasinjoji suna jin daɗin tura wuya suna neman masuncin, wasu ma har rantsuwa suke yi sun gan shi.

Duk wannan bai dami Ku-Duba ba. Abin da ke hana shi sakat shi ne matarsa. Kullum in ya dawo sai ya miƙe ƙafa ya ba ta labarin kogi, ita kuma tana yi masa kallon mutumin da ya ga duniya, kuma wallahi kallon nan ya fi masa albashi. Duk lokacin da ta ce za ta bi shi, sai ya ce tikiti ya ƙare, ko jirgin yana jijjiga hanji.

Ranar aikinsa ta ƙarshe, 'ya'yansa suka yi masa abin da suke ganin alheri ne, suka saya wa uwarsu kujerar bakin taga.

Gumi ya wanke shi tun kafin a bar tasha. Ya karanta sanarwar bishiya. Da ya karanta masunci, sai ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Matarsa ce.

"Baban yara, zo ka nuna mini masuncin nan. Idona ya tsufa."

"Ai an wuce shi."

"To zo ka nuna mini inda aka wuce shi."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi, makirufo na hannunsa a kunne, igiya na binsa a ƙasa. Ya runtse ido har ta tsayar da shi gaban taga, sannan ya buɗe ɗaya kamar mai jiran allura.

Ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, kore shar daga bakin gaɓa, rana na wasa a tsakiyarsa. Can ƙetare wasu shanu sun shiga har wuya. Jirin da ya yi shekaru yana gudu bai ko leƙo ba.

"Kai!" in ji Ku-Duba, lasifikar tarago shida ta ɗauka. "Jama'a, ashe haka yake da girma?"

Jirgi ya kaure da dariya, har da masu tafi. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki kuma ya fi kunyar yawa, don taku huɗu ne kacal tsakanin kujerarsa da wannan taga.

Ya ce a hankali, "Maman yara, yaushe kika gane?"

"Tun muna da ɗa ɗaya," ta ce. "Wanda ya ga wannan ba zai dawo gida kullum da labari iri ɗaya ba. Matsa kusa, saura minti ashirin mu isa."