Dogayen Ƙafafun A-kori-kura a Hanyar Gwaram

Ana sallame sallar asubar Talata muka bar Birnin Kudu, ni da maƙwabcina direba, a cikin a-kori-kurarsa. Ni hutun makaranta ne ya same ni ba aikin fari ba na baƙi, shi kuwa abin da ya tashe shi babba ne. Mahaifiyarsa tana wani ƙauye can bayan Gwaram, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, shekara ta uku ke nan. To ga likitan ido ya zo asibitin Birnin Kudu daga Kano, an ce zai yi aiki har azahar ɗin Alhamis, in ya tafi kuma sai bayan kaka. Ita za mu ɗauko.

Motar kuwa sai wanda ya gani. Da yake tsakiyar damina ce, hanyar ƙauyen duk kwazazzabai, sai ya ƙara mata sifirin ya ɗaga ta sama, ya cire tayoyinta ya sa mata wasu zabga-zabga. Tsofaffin ya kyautar wa wani mai amalanke. Sai da na kama ƙofa hannu bibbiyu na yi bismilla sannan na iya hawa. Na ce, "Malam, wannan mota ce ko raƙumi?" Ya yi dariya ya ce in jira in ga aiki.

Aikin da na gani bai kwanta mini ba. A kan kwalta ba laifi in ta miƙe, amma wajen tashi sai ka ce tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da muka sauka burji kuwa, kowane ɗan tudu sai an koma giya ɗaya, inji na nishi. Wani mai keke ɗauke da damin ciyawa ya wuce mu a hawa, har da ɗaga mana hannu yana barka da hantsi. Na kalli direba, ya kalli gabansa.

Ƙasa dai ta yi kyau, wallahi. Gero ya fitar da kai, dawa ta wuce ƙirji, gyaɗa ta shimfiɗu har gindin duwatsu. Mun tsaya a wani gari muka karya da koko da ƙosai. Tun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan ƙosai yake ramewa, na kobo biyar a tafin hannu ɗaya na riƙe shi. Masara gasasshiya ce kawai ba ta koyi girman kai ba, muka sayi huɗu.

Kafin azahar muka shiga Gwaram, lagireto na tafasa. Muka tsaya gindin tsamiya wajen wani tsohon makaniki don a zuba ruwa. Tsohon ya zagaya motar sau biyu, sannan ya sa aka ɗaga bayanta. Ya ɗauko alli ya yi zane a taya, ya yi wani a farfela, wato sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji baya. Ya juya taya zagaye ɗaya, ya ce in ƙirga masa juyin sandar. Huɗu na samu.

"Ka gani, ɗana," in ji shi ga direba. "Huɗun nan ta ƙananan tayoyi ce. Ka ƙara mata tsawon ƙafa, ba ka ƙara mata ƙarfin gwiwa ba. Haƙoran da ke cikin aksul sai an canza, a sa na juyi biyar. Ku kwana nan, gobe da hantsi ka tafi."

Direba ya ce, "Baba, Inna na jira. Ba ni da rana ɗaya ta zubarwa." Tsohon ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuma, da bakina da komai, na yi shiru, don na ga yadda idon direba ya yi ja.

Rafin da ke gaban ƙauyen shi ya nuna mana iyakarmu. Cikin motar bai taɓa ƙasa ba, wannan kam dabarar direba ta ci. Amma hawan gaɓa cikin yashi ya gagara. Ya taka totur, ya saki kuloci, tayoyin nan ko motsi, sai wari da hayaƙi. Har la'asar sakaliya muna tonon yashi da hannu. Wani Bafillace ya zo da bijiman nomansa biyu ya ja mu baya, ya ƙi karɓar ko kobo, ya ce a gai da mai jiki. Da ƙyar muka lallaɓa muka koma Gwaram.

Tsohon makanikin bai ce "ai na faɗa maka" ba, na kuma ga girmansa a nan. Laraba tun safe ya shimfiɗa buhu ya jera haƙora iri biyu, na wasu motoci irinta da suka mutu, ɗaya na juyi biyar, ɗaya na juyi shida. Ya ce na juyi biyar ne daidai, zai hau tudu kuma zai yi gudu. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Direba ya ce rafin nan ba zai ƙara kunyata shi ba, a sa masa na shida. Tsohon ya ce, "Za ka hau ko dutse ne, amma a miƙaƙƙiyar hanya za ka tuna da ni." Da gyaran kulocin da ya ƙone, sai da aikin ya cinye yinin nan kaf.

Alhamis da sassafe motar ta haye gaɓar nan kamar akuya. Inna tana zaune a ƙofar gida da ƙullin kayanta, an ce tun Talata kullum nan take wuni. Muka ɗaga ta muka sa a gaba, ni na koma baya.

Can da muka fito hanya mai kyau, inda ake son gudu, sai abin ya juye. Inji na ihu kamar za ya fashe, motar kuwa tafiyar hawainiya. In direba ya matsa mata sai ta yi zafi, mu tsaya mu nemi ruwa a kududdufi. Sau huɗu muna tsayawa. Muna wajen Kiyako na ji kiran azahar, lokacin tashin likita ke nan. Ta gilashin baya ina hango shi yana dukan sitiyari da tafin hannu.

Bayan la'asar muka isa asibiti. Ma'aikacin da ke ƙofa ya ce likita ya jira har ya ɗan ƙara, sannan ya kama hanyar Kano. Direba ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙatuwar tayar nan ya fashe da kuka, babban mutum da gemu. Na ji tausayinsa har cikin raina. Inna ta laluba ta dafa kansa ta ce, "Haba ɗan nan, tashi mana kar a yi maka dariya. Kaka ai kamar gobe ne."

Mun dawo gida lafiya, jiki duk ciwo. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in ka canza wa abu ƙafa to ka duba cikinsa, kuma in mai sana'a ya ce biyar, kar gaggawa ta sa ka tsaya a huɗu, kar tsoro ya kai ka shida. Na kuma koyi cewa shirun aboki a inda ya kamata ya yi magana ba kirki ba ne.

Inna tana gidan maƙwabcina yanzu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Duk sanda wata mota ta tsaya a layinmu, ina jin muryarta daga tsakar gida tana tambaya ko likitan ne ya dawo.