Ƙusar da Malam Isuhu Ya Gano a Fiyus Ɗina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Isuhu mai gyaran wuta makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Aminina ne tun muna tsallaka ganuwa satar mangwaro. Shi ya yi karatu har makarantar koyon sana'a, ni kuwa a aji uku na yi wa boko sallama, malamai suka yi hamdala.

Yau in ka bi lungunan Limancin Kona, soro ɗaiɗai ne babu allon sola a kansa. Batir a zaure, waya siririya kamar taliya, an jona firji an jona dutsen guga. Nakan ce da Isuhu ya ga wannan, da kiran salla zai riƙa samunsa a tsaye yana faɗa. Mutumin da ba ya taɓa waya sai ya yi lissafi. Kullum karatunsa ɗaya: ƙarfin turin wuta shi ne bolt, yawan wadda ke gudu cikin waya shi ne amfiya. Ka ninka su, ka sami wat, wato cin da na'ura ke yi. Ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiyarta. Ina jinsa ina hamma.

Sai ranar sunan 'yata ta fari. Damina ce, itace ya jiƙe sharkaf, ga gwaggon maiɗakina ta tsare ni kan ruwan wankan jego, ganga guda mai tafasa safe da yamma. Dabara ta zo mini, irin karambanin akuya gai da kura. Na aro hita ta lantarki na tsoma a ganga. Fiyus, ɗan zaren ƙarfen nan mai katse wuta in kaya sun yi yawa, ya tsinke, na ɗaura wani, ya sake tsinkewa. Na ce wannan zare ai raini ne. Na samo ƙusa 'yar inci uku na cusa a gurbinsa, wuta ta zauna daram, na yi ta yaba wa kaina.

Da hantsi zaure ya cika, surukina Alhaji na zaune a tsakiya, ana raba goro. Isuhu ya shigo, ya gaisa, ya zauna, sai na ga yana ɗaga hanci.

"Tanko, me ke aiki a cikin gida?"

Na ce hita ce kawai. Can na tuna mata sun aro abin girki na lantarki, wata kuma na goge atamfa. Ya zaro mitarsa ta awon wuta daga aljihu, wadda ko masallaci ba ya zuwa ba ita, ya maƙala wa wayar da ke bangon zauren. Fuskarsa ta canza. Ya tsuguna ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

Har yau ina ganin lambobin. Bolt ɗari biyu da ashirin, amfiya ashirin da biyar, wat dubu biyar da ɗari biyar. Hitar ita kaɗai tana jan amfiya goma, turjiyarta ashirin da biyu. Wayar gidanmu kuwa, wadda shi ya ja ta da hannunsa, iyakarta amfiya goma sha biyar. Kuma ni da shi mun san ta inda ta bi: cikin azara da busasshen asabarin rufin ɗakin da mai jego ke kwance da jaririya.

Ya matso ya rage murya. "Lissafi ya ce fiyus ya tsinke tuntuni. Me ya hana shi?"

Jama'a, ban ga tsawon daƙiƙa ba sai ranar. Ga surukina taku biyu daga ni. In na faɗa, na zama abin labari a birni har jikoki. In na yi shiru, Isuhu zai tsaya laluben dalili, azara kuwa ba ta jira. Ƙaurin roba ya fara isowa zaure, wani dattijo yana tambaya ko shinkafa ce ta kama. Kuma, Allah ya yafe mini, sai da na tsaya auna kunyata da ran 'yata. Sannan na ce, "Ƙusa ce."

Bai zage ni ba. Ya zabura ya kama kan fiyus ɗin, ya tarar ya narke ya manne. Makunnin wutar gidan ma ya ƙi motsi. Ya naɗe hannu da hularsa, ya sa filaya ya datse wayar, wuta ta yi tartsatsi, rediyon da ke zaure ya ɗauke. Ya yi sallama da ƙarfi ya kutsa cikin mata, abin da bai taɓa yi ba a gidana, ina biye. Muka fito da mai jego da jaririya. Da ya zungure asabarin da gora, sai ga garwashi na zubowa daidai kan katifar.

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya tambayi abin da ya faru. Na sunkuyar da kai ina jiran yanka. Isuhu, yana hura tafinsa da ya ƙone, ya ce, "Kaya ne suka yi wa waya yawa, Alhaji." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara ko harafi ba.

Mun yi shekara goma sha biyar bayan nan muna cin tuwo kwano ɗaya, yana tsokanata kan rowa, kan sanƙo, kan komai, amma bai taɓa ambatar ƙusa ba.

To me ya rage na Isuhu? Shagonsa ya zama na cajin wayar salula. Wayoyin da ya ja ana ta cire su. Lissafinsa dai ya zauna a kan jahili ɗaya: ko fitila zan jona sai na ninka na raba, masu saka sola suna ganina suna canza lungu. Sai kuma sirrin da ya tafi da shi kabari, wanda ya fi ƙarfin ƙirjina. Maiɗakina har gobe tana tsine wa tsohuwar waya. Hajiya, in an karanta miki wannan, wayar ba ta da laifi. Ni ne.