Isyaku Ba Ya Ƙara wa Yaro Shekara

Isyaku mutumin Sumaila ne. Ya shigo Kano da ƙarfinsa, yana tuƙa adaidaita sahu a Tarauni, har ranar da wata tifa ta goge shi, ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba. Da ya tashi daga jinya sai ya kafa 'yar rumfar cajin waya a Gyaɗi-Gyaɗi. Da yake yana da haƙurin latse-latse, mutane suka riƙa kawo masa wayoyinsu yana buɗe musu shafin sada zumunta.

Abu ɗaya ne ba ya yi. In manhaja ta tambayi shekarar haihuwa, ta gaskiya yake sawa, yaron da bai kai sha uku ba kuwa sai ya haƙura. Yaran unguwa suka sa masa suna Baba Sai-Ka-Girma, wasu suka koma wata rumfar.

Wata rana Nusaiba ta zo da tsohuwar wayar mahaifiyarta. Shekararta sha ɗaya, gwana ce wajen zanen lalle, tana so duniya ta gani. Ta roƙe shi ya buɗe mata shafi, ya ƙara mata shekara biyu kacal.

"Ni ban haife ki ba, 'yata," in ji shi, "yaya zan ƙara miki shekara?"

Ta tafi tana kuka. Da la'asar ya tari mahaifiyarta Aishatu, nas ce a asibitin koyarwa, tana dawowa daga aiki. Ya gaya mata yadda aka yi, ya ce yarinyar fa tana da hannu, kada a kashe mata gwiwa. Ko ita uwar za ta riƙa ɗora hoton zanen a nata shafin, hannu kawai ban da fuska? Aishatu ta ji kunya, don ba ta ma san wayar ta bar gida ba. Ta bi shawararsa. Abokan aikinta suka gani, ranar Asabar sai ga su a tsakar gida sun miƙa hannuwa.

A shekarar ne wata ƙawar Nusaiba, wadda aka buɗe wa shafi da shekarun ƙarya, ta ɗora bidiyonta tana waƙa. Baƙi suka yi mata caa da zagi da ba'a, yarinyar ta yi zango guda ba ta iya shiga aji ba. Aishatu ta je dubiya, daga can ta zarce rumfar Isyaku.

"Malam, Allah Ya saka da alheri. Ka tsare min 'ya ina can ina tsaron 'ya'yan wasu."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ba komai, shi ma yana da 'ya'ya mata a ƙauye. Sannan ya tambaye ta ko akwai maganin wannan ƙafa da ke hana shi sakat in damina ta faɗi. Washegari da kanta ta raka shi wajen likitan ƙashi.