Injin da Gero Ya Tare wa Hanya

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, amma daminar da aka kawo mana injin nan ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah.

Lokacin ina da goyon fari. Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Dawakin Tofa da Watari, irin gidajen nan da gonaki suka kewaye, kana fita zaure sai shuka. Maigidana makanike ne na injinan ban-ruwa. Duk ƙarfen da ya cinye a cikin famfo sai ya je Kano a sassaƙo masa, manomi yana jira, tumatir yana yaushi. Shi ya sa ya ƙwallafa rai a kan injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta, wanda suke kira si-en-si. Ya taɓa aiki da irinsa a wani kamfani kafin a rufe shi.

Ni kuwa kaina cike yake da littattafan soyayya na kasuwa. A cikinsu duk miji na kirki yana da kamfani, matarsa tana kai masa abinci ofis cikin ƙamshi. Da ya fara zancen injin, har kalar mayafin da zan sa ranar buɗe shago na zaɓa.

Wata la'asar ya kira ni gindin darbejiya, waya a hannunsa. Dillali ya turo masa injina uku da farashinsu. Ya ɗauki tef ɗin awo da tsinke, ya zana faɗin teburin kowanne a ƙasa, sannan ya ɗauko kan famfo yana ɗorawa a cikin zanen.

"Ƙaramin nan ya fi araha, ko a amalanke shanu za su jawo shi," in ji shi. "Amma dubi, famfo ya leƙo waje. Sai dai in koma yi wa mata maɓallin riga."

"Na tsakiyar fa, Malam?"

"Ya shiga, amma da ƙyar."

"To babban?"

"Babban ke ma kin shiga, ke da goyonki."

Muka yi dariya. Babban na hannu ne, daga wani kamfani da ya mutu a Legas, kuɗinsa kaɗan ya ɗara sabo na tsakiya. Ga dala tana tashi, farashin da aka faɗa maka wannan Juma'ar ba shi za ka tarar wata Juma'ar ba. Ya yanke shawara a kan babban, ya sayar da filinsa na noman rani a Watari. Inna, mahaifiyarsa, ta dube shi ta ce, "Ƙarfen za ka shuka mana?"

Babu abin da bai auna ba. Ya fasa bango ya faɗaɗa ƙofar shago, ya zuba daɓen kankare mai kauri, ya nemo janareton da zai ɗauke shi. Duk wannan da rani aka yi shi, motar yashi tana ratsowa ta cikin gonaki fayau har bakin ƙofa. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Sai inji ya ƙi zuwa. Yau a ce mai ya ƙara kuɗi, gobe a ce direba ya fasa. Ranar da motar ta iso bakin titi, gero ya kai ƙugu. Hanyar da muka sani da rani ta koma 'yar siririyar turba, babur ma sai ya sunkuya. Shekarar kuwa ta yunwa ce, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, tafasa ce ke cika kwano.

Gonar da ke tsakaninmu da titi ta Kawu ce, ƙanin mahaifin maigidana. Da maigidana ya je roƙonsa hanya, na bi shi da goyona, ina tsaye daga nesa.

"Kunya nawa motar za ta taka?" in ji Kawu.

"Ba za ta wuce shida ba, Kawu. Zan biya."

"Kuɗin da za ka ba ni yau, da kaka mudu nawa zai saya? Jikokin nan ba takarda suke ci ba."

Ya shiga bukkarsa ya fito da lauje, ya miƙa masa.

"Kai ɗa ne, ban hana ka ba. Amma da hannunka za ka sare."

A littafi, nan ne wani attajiri yake tsayawa da mota ya share hawayen kowa. Har titi na waiwaya, wallahi. Maigidana ya tsaya da lauje a bakin kunyar farko, ya daɗe yana kallon geron. Sannan ya durƙusa ya mayar wa Kawu laujensa.

Direba ba zai jira kaka ba. Aka sauke injin a wata rumfar 'yan tumatir a bakin titi, aka lulluɓe shi da tamfol. Kullum sai maigidana ya je ya ƙara ɗaure shi, ya shafa masa mai. Wata iska ta zo da ruwa ta yaye rufin rumfar. Ya dawo a jiƙe, ya ce mini ruwan bai shiga ciki sosai ba. Na yarda, don ina so in yarda.

Bayan girbi hanya ta buɗe, aka shigo da shi, ya zauna daram a kan daɓensa kamar don shi aka halicci ɗakin. Na sa mayafin nan da na zaɓa. Mai haɗawa ya zo daga Kano, ya buɗe akwatin wutar, ya leƙa ciki.

"Malam, ɓera ya riga ka shiga," in ji shi.

Ɓeraye sun yi sheƙa a ciki, sun cinye wayoyi, abin da suka bari kuma danshi ya gama da shi. Kayan gyaran sai daga waje, kuɗinsu a lokacin ya wuce na sabon ƙaramin injin da muka yi wa dariya.

A makon nan Kawu ya aiko mana da damin gero, ya ce daga kunyoyin bakin hanya ne. Na sussuka shi ina kuka, muka ci, don ba mu da wani. Da rani ya kama, maigidana ya koma Watari yana ƙwadago a filin da ya sayar.

Injin yana nan har yau, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Littattafan kuma na daina karantawa, don ban taɓa ganin wanda ya faɗi ta inda arzikin yake bi ya shigo gida ba. Abin da na koya ke nan: kafin ka auna girman abin da kake mafarki, fara auna hanyar da zai bi ya iso ka, kuma ka auna ta da damina.