Kifin da Na Yi wa Turka

Ni mai faci ne. Shekara ashirin da wani abu ina bakin titi a Gusau ina zare ƙusa daga taya. Ban taɓa ganin teku ba. Abin da na sani na ruwa shi ne gulbin da ya bi ta bayan gonarmu a Bungudu, sai rijiyar gidana mai ƙafewa duk bazara. Amma na yi kiwon kifin teku a gidana, kuma ni na kashe shi. Da abinci na kashe shi.

Kifin na ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara tsakaninmu. Ya tafi Ikko yana saurayi, ya fara da gadi, daga baya ya samu aiki a wani shago da ke sayar wa masu hali kifayen ado, irin waɗanda ake zubawa a akwatin gilashi a falo ana kallo. Shi ke bin gidajensu yana goge gilashi yana canja ruwa. Shekara goma sha huɗu yana wannan, bai yi aure ba. Da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa sai mai shagon ya sallame shi, ya ce ya zaɓi abin da yake so cikin shagon ya tafi da shi. Da ni ne da janareto zan ɗauka. Shi kifi ya ɗauka, guda ɗaya.

A gaban tirelar shanu da ta sauke kaya za ta dawo gida ya zo. Da na je tarbarsa na iske shi rungume da kula a cinya, wani ɗan inji mai batir yana ta ƙugi a cikinta. Direban ya ce kwana biyu bai ajiye ta ba sai in zai yi salla. A baya kuma ga akwatin gilashi naɗe cikin katifa, ga wasu duwatsu a bokiti cikin ruwa, ga buhu biyu na gishiri. Kayan sawarsa jaka ɗaya ce. Na dubi wuyansa, na dubi idonsa da ya yi ruwan ɗorawa. Na ɗauki buhu.

Maiɗakina da shi akwai wasa, irin na mace da ƙanen miji. Tana ganinsa ta fara.

"Ɗan Ikko, shekara sha huɗu. Ina amaryar?"

"Tana cikin kula," in ji shi.

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. "Wanga ai dutse na."

"Jira ki gani."

Sai dutsen ya ɗaga hannu ya taka.

Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Girmansa kamar dunƙulen hannuna. Launinsa kamar lemon da ya kwana biyu a rana, jikinsa duk ƙuraje da tabo. Baki a sama, a turɓune, kamar wanda aka yi wa rashin mutunci tun da safe. Ba ya iyo kamar kifin mutane. Yana da wasu gaɓoɓi kamar hannuwa, da su yake dafa dutse yana tafiya a hankali, tafiyar tsoho mai ciwon gwiwa. Ƙanena ya ce sunansa da Turanci in an juya shi ne kifin kwaɗo.

"Ko kyauta ba ni sa wanga cikin miyata," in ji maiɗakina.

"Shi ma bai ce shina son miyarki ba."

Ɗakin da ke kusa da zaure muka ba shi. Ya kafa akwatin a kan benci, ya sa aka ɗora faifan sola a rufi saboda injin juya ruwa, don in injin ya tsaya rabin yini kifin ya tafi. Gishirin nan ba na miya ba ne, na musamman ne, da ruwan leda yake dama shi, yana aunawa da wata 'yar roba mai allura. Ya ja layi a jikin gilashin. In rana ta shanye ruwan ya sauka ƙasa da layin, ruwa zalla ake ƙarawa, ban da gishiri, wai gishirin ba ya tashi. Ranar da zafi ya yi yawa sai ya ɗaure ƙanƙara a leda ya sa ta yi yawo a kai.

A goshin kifin akwai wani zare siriri mai 'yar tsoka a ƙarshe. In an jefa masa ƙaramin kifi sai ya lafe, ya fito da zaren yana kaɗawa kamar tsutsa. Fatsarsa ke nan, shi ma masunci ne. Ƙaramin ya matso ya duba, sai ka ga babu shi. Na sha zuba ido don in ga lokacin da bakin ke buɗewa, ban taɓa kamawa ba.

Abincinsa wasu 'yan kifaye ne kamar ɗan yatsa, ƙanena na kiwonsu a robar wanki suna haihuwa. Guda ɗaya ranar Litinin, guda ɗaya ranar Alhamis. Shi ke nan.

Na ce, "Ranakun da mutane ke azumi, shi ran nan yaka ci?"

"Sauran kwana biyar ɗin shi ka azumi, Yaya. Ya hi ka lada."

Wata uku muka yi haka. Da na taso daga aiki sai in iske shi a tabarma ya jingina da bango yana kallon gilashin. Ba mai yawan magana ba ne, amma a kan kifin nan sai ya yi ta zuba. Ya ce a shagon babu wanda ya so saye, kowa mai launi yake nema, mai yawo. Wannan shekara biyu yana lungu, shi kaɗai ke kula shi.

Ciwon ya ci gaba. Ƙafa ta kumbura, ciki ya ɗaga, sauran jiki ya zube. A asibiti likita ya ja ni gefe ya yi mini bayanin da ban gane rabinsa ba, amma na gane na ƙarshen: a kai shi gida a kula da shi. Inna, mahaifiyarmu, tun rasuwar Baba ta koma gidansu a Tsafe. Ta aiko cewa a kai mata ɗanta. Ya ƙi, ya ce akwatin ba zai jure wata tafiyar ba, can kuma babu sola. Sai da na yi masa tsawa kafin ya yarda ya tafi ya bar kifin a wurina.

Ranar tafiya ya zaunar da ni ya maimaita mini komai sau biyu. Layin ruwa, ƙanƙara, allurar gishiri.

"Abinci kuwa, Yaya, don Allah. Guda Litinin, guda Alhamis. Ko ya yi maka kuka."

"Kihi na kuka?"

"Za ka gani. Ka riƙe min shi wata guda. Da na samu ƙarhin ƙahwa ina dawowa."

Duk Juma'a bayan masallaci nake shiga mota in je Tsafe, in juyo kafin la'asar ta yi sanyi, don hanyar ba ta yamma ba ce. Kafin in gama sallama zai ce, "Ya baƙona?" In ce lafiya lau. Ya tambayi wane dutse yake zama yanzu, ko launinsa ya canja. Ya ce in ya dawo zai sake wa duwatsun tsari. Inna na gefe da kofin kunu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata in tana magana ba. Sai ta ce wa bango, "A ce mashi ya sha ko cokali ukku." In ce masa. Ya kai bakinsa, ya kurɓa, ya kau da kai. An yi masa farfesun kaza, an yi fura mai laushi, an kawo kankana. Komai sai ya dawo a kwano yadda ya je. Amma in ana zancen kifin, har tashi zaune yake yi.

Sati biyu na farko na bi doka. Matsalar ita ce duk lokacin da na shiga ɗakin, abin nan sai ya juyo da ido, ya fito da zarensa yana kaɗa mini. Ranar Talata ya kaɗa. Laraba ya kaɗa. Ni kuwa a gidan noma na tashi. A Bungudu Baba ba ya karyawa sai ya ga an zuba wa dabbobi. Tun muna yara aka tsorata mu da haƙƙin dabbar da ka tsare ka hana ta ci, an ce ranar lahira sai ta tsaya gabanka. Wannan ga shi a tsare cikin gilashi, ƙarƙashin rufina, ba shi da inda zai je ya nema, yana miƙo mini hannu. Na ce a raina yaron nan zaman Ikko ya koya masa ƙwauro. Can komai da awo ake ci.

Wata Asabar, washegarin dawowata daga Tsafe, na jefa masa guda. Ya haɗiye. Na jefa na biyu. Ya haɗiye. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Makonni ke nan ina kallon ana roƙon mutum ya ci yana ƙi. Ga wani na ba shi ya karɓa.

Daga nan kullum ne. Maiɗakina ta ce, "Malam, ba haka mai shi ya ce ba." Na ce mai shi bai taɓa kiwon ko akuya ba. Niyyata in ya dawo ya iske kifinsa ya yi ɓulɓul, ya san an riƙe masa amana. Haka muke yi wa rago in mun turke shi, a ɗaure wuri ɗaya ana tura masa dusa da harawa har ya kasa tashi. Kifin ma ba ya yawo, ya yi kama da abin turka.

'Yan kifayen robar suka ƙare. Na je Bungudu duba gero, na biya bakin gulbi na samu wani masunci ya ba ni 'yan karfasa masu rai a galan. Ƙaramar cikinsu ta kusa kai tsawon kifin namu. Na yi shakka kaɗan, sannan na saka ta. Ya kaɗa zare, ta matso, ya kama. Wannan karon na ga komai, don wutsiyarta ta daɗe a waje tana motsi kafin ta shige. Cikinsa ya yi tim. Har na kira maiɗakina ta zo ta gani.

Kwana biyu bai motsa ba. Rana ta uku na iske shi ya saki dutsen, yana sama a karkace, ciki a kumbure, yana ta ƙoƙarin dafa abin da babu. In ya nutsa sai ya taso. Na canja ruwa, na auna gishiri, na sa ƙanƙara. Na rufe wurin aiki na zauna gabansa tun hantsi. Kafin azahar ya daina buɗe baki. Da na tsamo shi wari ya bugo ni. Karfasar ce ta ruɓe a cikinsa. Na haƙa rami gindin dalbejiyar tsakar gida na rufe shi. Laraba ce.

Ranar Juma'a a mota na shirya abin da zan ce. Lafiya lau, yana kan dutsen hagu. Na maimaita har muka shiga Tsafe. Na yi sallama, ya ɗago daga filo.

"Ya baƙona?"

Na buɗe baki, abin da na shirya ya ƙi fita. Ban iya ba. Ko a wurin aiki in taya ta mutu cewa nake ta mutu. Na ce, "Ya mutu shekaranjiya."

Inna ta ajiye kofin.

Ƙanena ya ɗaga ido ya dubi rufi. "Wuta ta ɗauke?"

"A'a."

"Mi ka ba shi?"

Na faɗa masa duka, tun daga Asabar ɗin har karfasar. Ina jiran ya yi faɗa, na fi son ya yi. Sai ya fara dariya, wata 'yar dariya mara ƙarfi da ta koma tari.

"Yaya, turka ka yi mashi? Layya za ka yi da shi?"

"Roƙona ya yi ta yi."

"Ba roƙo ba na. Haka yaka yi ko ya ƙoshi. Bai san ya ƙoshi ba." Ya numfasa. "Na ce maka."

"Ka ce."

"Ba komi. Kai ba ka iya ganin abu da yunwa. Halin Baba na."

Ya juya fuska bango. Na zauna har lokacin mota ya yi. Da zan fita ya ce, ba tare da ya juyo ba, ɗakin nan na kusa da zaure in geron bana ya zo a zuba a ciki, kada a bar shi haka nan.

Na ƙara zuwa Juma'a biyu. Yana amsa gaisuwa, yana tambayar yara da maiɗakina, har ya ce a gaya mata yanzu ta huta da mai zagin miyarta. Bai sake zancen ƙarfin ƙafa ba, bai sake zancen Gusau ba. Ranar Lahadi da hantsi aka kira ni. A Tsafe aka rufe shi.

Na san abin da likita ya ce, kuma na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamai sun gaya mini, maiɗakina ta gaya mini. Ban ce kifi ne ke riƙe da ransa ba. Abin da na sani, kafin ranar nan mutum ne mai shirin komawa wani wuri, bayanta kuma ba shi da inda za shi.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga yi wa Inna sallama. Tana zaune bakin gado da carbi. Na durƙusa na ce zan koma. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa ƙofa, "Da an ce mashi lahiya lau. Kalma biyu. Ni da na ɗauki zunubin."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta ci gaba da jan carbinta. Na tashi na tafi tasha.