Damƙin Ƙasa Daga Gungun Kiriya

"Idan ka shiga ruwan nan kai kaɗai, Malam, kada ka ce ban faɗa maka ba. Takaba ɗaya na yi kafin in zo gidanka, ba ni sake wata don taurin kan tsoho."

Jacob ya dakata da ɗinkin komarsa. Katangar da ta raba gidansa da na Ladan Dogo a garin Wara ba ta riƙe sirri, balle da hantsi, lokacin da unguwa ta yi tsit. Muryar Barakatu ce, matar Dogo.

"Yawon buɗe ido ne fa," in ji Dogo a hankali. "Kwana biyu in dawo. Mutane har ƙasashe suke ƙetarawa su kaɗai."

"Buɗe ido da wane idon? Jiya wa ya zura maka zare a allura?"

Sai keken ɗinki ya fara ƙara. Haka Dogo yake rufe kowace gardama.

Shekara talatin ke nan suna maƙwabtaka, Jacob Bakambare masunci mai zuwa coci, Dogo tela kuma ladanin masallacin unguwa. Tsawonsa ya cinye sunansa na yanka, har ba kowa ke tuna Muhammadu ba. Bagunge ne, haifaffen tsibiri, amma duk Wara an san bai taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba tun da aka kwaso su daga Gungun Kiriya yana ɗan shekara bakwai, shekarar da aka datse kogi ruwa ya cinye garuruwansu. Ya tashi a gidajen siminti da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tasa, ya yi allo, ya koyi ɗinki a Yelwa, ya dawo ya kafa keke a zaure. Rigunan sallar rabin unguwa daga hannunsa suke fitowa, har da na kirsimetin 'ya'yan Jacob. Idan ciniki ya kai shi Yelwa, mota yake hawa, ko da jirgi na tsaye a kwata. Jacob kan tsokane shi, "Bagungen da ke tsoron ruwa, ai kifi ne mai tsoron jiƙa." Shi kuma ya ce, "Bakambaren da ya bar gona ya shiga ruwa, wa ya fi wani ɓata?"

Bara ne abin ya soma. Ido ya fara yi masa hazo daga gefe, ya je asibiti, likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran kuma yana kan hanya. A watan ne ɗiyarsa Yasira, wadda ke karatu a Birnin Kebbi, ta nuna masa wani mutum a waya yana yawo shi kaɗai cikin ƙaramin jirgi a wata ƙasa mai dazuzzuka. Dogo ya kalla sau uku. Daga ranar ya samu sunan da zai laƙaba wa tafiyar da ke ransa: yawon buɗe ido.

Ya yi shiri irin na tela. Ya ɗinka jakar tamfol wadda ruwa ba ya ratsawa. Ya ɗinka riga mai aljifai takwas, ya cusa gorar roba a kowane, wai ko jirgi ya kife ba zai nutse ba. Ya tanadi ƙuli-ƙuli da garin kwaki. A bayan littafin da yake rubuta awon mutane ya zana taswira: daga kwata a miƙe yamma, a bar dutsen da tsuntsaye suka farare da kashi a hannun dama, sai kututturan kiriya uku, sai wani faffaɗan dutse na niƙa. Da la'asar sakaliya yakan je bakin ruwa ya ari filafili, ya zauna cikin wani mataccen jirgi da ke kan yashi yana koyon tuƙi a busasshiyar ƙasa. Mata masu wanki suka yi dariya har suka gaji suka daina.

Baƙo ba zai gane ba, amma tabkin nan a tsakiyar damina yake ƙafewa. Sai ruwan sama ya yi nisa kan tsofaffin tsibirai suke leƙowa, mako uku ko huɗu, kafin farin ruwa, ambaliyar shekara-shekara, ya gangaro daga arewa ya sake binne su. A daidai lokacin ne kuma kututturan itatuwan da ba a sare ba suke tasowa dab da fuskar ruwa, iska kuma ba ta sallama. Shi ya sa a kwata ba a ba mutum ɗaya jirgi ya yi nisa. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na gaba yana duban kututture yana kwarfe ruwa. Dogo ya bi masu jirage ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba shi haƙuri cikin girmamawa, don ba wanda ke son a ce jirginsa ne ya ci ladan.

Jacob ne na ƙarshe. Barakatu ta riga mijinta zuwa, ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Baban Hawwa, don zaman tare, kada ka ba shi." Washegari Dogo ya shigo da littafinsa a hammata.

"Jirgi nake so, Bakambare. Ƙaramin."

"Sai dai in kai ka. Gobe ma idan ka shirya."

"Ni ɗaya."

"Mi ke can wanda ba ka son in gani? Zinari kuka binne?"

Dogo bai yi dariya ba. Ya zauna kan turmi, ya daɗe yana murza gefen littafin.

"Inna na can," ya ce. "Tsakanin kiriya da dutsen niƙa."

Sai ya ba da labarin da ko Barakatu bai taɓa ba. Innarsa ta rasu shekara guda kafin tashi, kuma ta mutu kan addinin gargajiya na iyayenta. A gidansu, idan za a bar wuri, ɗan mamaci ne ke durƙusawa a kan kabari ya faɗa masa inda za a koma, ya damƙi ƙasa ya zuba a ƙoƙo, a kai sabon gida a zuba a bakin ƙofa. Shi kaɗai innarsa ta haifa. Kakarsa ta riƙe masa hannu ya yi duk wannan. Amma a cikin babban jirgin da ya kwaso su akwai yaran gari, suka leƙa ƙoƙon, ɗaya ya ce, "Ɗan arna ya ɗauko tsafinsa." Dogo ya juya baya, ya tuntsurar da ƙasar cikin ruwa. Da suka sauka ya cika ƙoƙon da yashin kwata. Shi kakar ta zuba a ƙofa tana kuka tana yi wa ɗiyarta barka da zuwa.

"Ba suɓucewa ta yi ba, Jacob. Da hannuna na zubar."

"Yaro ne kai lokacin."

"Na daɗe da daina zama yaro, ban koma ba."

Jacob ya gane sauran ba sai an faɗa ba. Mutumin da ke kiran salla sau biyar ba zai so ido ya gan shi durƙushe yana magana da kabari da Gunganci ba, ko da idon Kirista ne. Ya kuma gane mene ne ƙus-ƙus ɗin da yake ji ta katanga bayan azahar: Dogo ne ke haɗa guntayen harshen da ya manta, yana maimaitawa kamar mai hadda. Duk da haka ya ce a'a. Ya ce da wannan idon ko kututturen farko ba zai wuce ba. Dogo bai musa ba, ya tashi ya fita, ya bar littafin kan turmi. Ko mantuwa ce, ko so yake wani ya ga irin wahalar da ya sha, Jacob bai sani ba.

Kwana goma Jacob yana kauce wa zauren maƙwabcinsa. Kiran sallar Dogo ma ya zame masa kamar tuhuma. Ya gaya wa kansa tausayi ne ke cin sa, amma akwai abin da ya fi tausayi kusa da gaskiya: ya gaji da zama wanda ya hana. Yana so a sauke masa nauyin, yana so Barakatu ta yi masa godiya, Dogo ya riƙe masa hannu. Kuma a kunnensa na masunci, labarin duk ya tattaru wuri ɗaya: an zubar da ƙasa, ana bukatar ƙasa.

Da ya ga ruwa ya fara sauya launi a kwata, ya san farin ruwa ya kusa. Ya ɗauki littafin, ya kira Nura, abokin sana'arsa, ya ce ƙasar magani zai ɗebo. Taswirar ba ta yi ƙarya ba ko taku ɗaya. Ga dutsen tsuntsaye, ga kiriya uku baƙi ƙirin kamar an ƙone, ga dutsen niƙa ruwa na lasar gindinsa. Abin da ya rage na Gungun Kiriya bai fi faɗin zaure biyu ba, laka ce da bawon katantanwa. Ba alamar kabari. Jacob ya auna tsakiya da ido, ya cire hula, ya damƙi laka ya cika gwangwanin madara. Nura na ta kiransa su tafi, hadari ya haɗo.

A hanyar dawowa murnar ta fara tsiyayewa. Ya ajiye gwangwanin a ƙarƙashin gado, ya ce sai ƙasar ta sha iska. Kwana uku tana shan iska. A rana ta huɗu masu jirgin da suka fito daga yamma suka ce ruwa ya hau, ko kan kiriya ba a gani, sai baɗi idan da rai.

Da hantsi ya yi sallama a zauren Dogo. Keken ya tsaya. Dogo ya taso ya dafa ƙyauren, yana karkata kai don ya samo fuskar mai sallama ta ɗan abin da ya rage masa. Jacob ya miƙa masa littafin, sannan gwangwanin, ya yi bayani da sauri, kalma na taka kalma: kiriya uku, dutsen niƙa, daidai tsakiya. Bai ambaci ruwan da ya hau ba. Barakatu ta leƙo daga cikin gida, ta rufe baki da gefen zane.

Dogo ya karɓi littafin. Gwangwanin kuwa yatsa kawai ya sa a ciki, ya taɓa, ya janye. Sannan ya tura gwangwanin a hankali zuwa ƙirjin Jacob.

"Na gode, maƙwabci. Amma ka mayar mata da abinta. Inna ba ta san hannunka ba."